Zanen mazan Sikotland: ina 'yan Viking suka shigo cikin labarin kilt?

Duk wanda ya taɓa ganin hoton biki a Sikotland, ko 'yan kallon ƙwallon ƙasar sun cika titi a wani birnin Turai, ya san kilt ko da bai san sunansa ba. Zane ne na ulu da namiji ke ɗaurawa a ƙugu ya tsaya daidai gwiwa, gabansa a shafe, bayansa cike da tattara, an saƙa shi gidan dara da launuka masu ratsa juna. Cikakke mai kyau yakan ci yadi takwas. Ba shi da aljihu, shi ya sa ake rataya 'yar jakar fata a gaba. A yau shi ne tufar da duniya ta san ƙasar da ita.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, musamman a bakin jikokin 'yan Sikotland da ke Amurka da Kanada, cewa asalin wannan tufa daga Sikandinebiya ta fito, wato mayaƙan Viking na Norwe da Danmak ne suka zo da ita cikin jiragensu. Ruwa ba ya tsami banza. Masu wannan ra'ayi suna da abin kamawa: sunan tufar kansa, da ɗaruruwan shekarun da Norwe ta yi tana mulkin tsibiran Sikotland, da kuma labarin wani sarkinsu da aka yi wa laƙabi da Mai Ƙafa a Waje. Sai dai idan aka ɗauki hujjojin aka auna su da shekaru, abin da ke fitowa ya sha bamban da abin da ake so a ji.

Mu fara da mulkin, domin shi ne ba ya da gardama. A shekarar 795 'yan Viking suka kai hari tsibirin Iona, cibiyar addinin Kirista a yammacin Sikotland, suka sake dawowa a 802, sannan a 806 suka kashe sufaye 68. Daga fashi aka koma zama. Suka mamaye tsibiran Orkney da Shetland a arewa, da tsibiran Hebrides a yamma, da yankin Caithness da Sutherland a kan tudu. Sunan Sutherland ma abin dariya ne ga mai duba taswira, domin ma'anarsa "ƙasar kudu", alhali tana can ƙuryar arewacin Birtaniya. Kudu ce kawai ga wanda ke zaune a Orkney yana hango ta. Masu magana da Gelik, harshen mutanen tsaunuka da tsibiran yammacin Sikotland, kuwa suka riƙa kiran Hebrides da Innse Gall, tsibiran baƙi, kuma sunan na nan har gobe. A tsibirin Lewis mafi yawan sunayen ƙauyuka daga tsohon harshen Norwe suke, har da na babban garin, Stornoway.

Wannan mulki ya kai shekarar 1263, lokacin da Sarki Haakon na Huɗu na Norwe ya zo da rundunar jirage aka gwabza a Largs, ya juya bai samu biyan buƙata ba, ya rasu a Kirkwall cikin watan Disamba. A 1266 aka yi yarjejeniyar Perth, Norwe ta sallama Hebrides da tsibirin Man ga sarkin Sikotland a kan kuɗi. Orkney da Shetland sun ƙara shekara ɗari biyu a hannun Sikandinebiya, kuma yadda suka fita abin ban tausayi ne: Sarki Christian na Ɗaya na Danmak da Norwe zai aurar da 'yarsa Margaret ga Sarki James na Uku na Sikotland, kuɗin garar da ya yi alkawari suka gagara, sai ya jinginar da Orkney a 1468, ya ƙara da Shetland a 1469. Ba a taɓa fansar jinginar ba. A 1472 Sikotland ta haɗe su da ƙasarta.

A riƙe shekarar 1266 a ka, za mu dawo gare ta.

Sai batun suna. Kalmar kilt ba ta Gelik ba ce, wato ba ta mutanen da suka fara sa tufar ba ce. Su a bakinsu fèileadh ne, babba su ce fèileadh mòr, ƙarami su ce fèileadh beag. Kilt ta fito ne daga harshen Scots na mutanen kwari da ke kudu, kuma da farko aikatau ce, ma'anarta a tattare tufa a soke ta a ƙugu, kamar yadda mace ke tattare zane idan za ta tsallake rafi. Masana harshe sun danganta ta da tsohuwar kalmar Norwe kjalta, wadda ke nufin cinya ko ninkin tufa a kan cinya, da kuma kilte ta Danmak mai ma'anar tattarewa. Wannan dangantaka mai ƙarfi ce, ban ga dalilin musanta ta ba. Amma aikatau ɗin ya yi ɗaruruwan shekaru a bakin mutanen arewacin Ingila da kudancin Sikotland kafin a maƙala shi a kan tufar 'yan tsauni. Ɗaya daga cikin farkon wuraren da aka ga an kira tufar da wannan suna shi ne wasiƙun wani Bature ɗan Ingila, Edmund Burt, wanda ya yi aiki a yankin Inverness wajen shekarun 1720 zuwa 1730. Ke nan baƙi ne suka ga mutane sun tattare bargo a ƙugu, suka laluba cikin harshensu suka ɗauko kalmar tattarewa. Bahaushe ya ari ashirin da talatin daga Larabci, amma ba wanda zai ce kafin zuwan Larabawa ba a iya ƙirga awaki ashirin a ƙasar Hausa. Asalin kalma daban, asalin abu daban.

Wani abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne kalmar tufa da ake ganin Gelik ya ara kai tsaye daga bakin 'yan Viking. Ita ce bròg, takalmi, wadda masana da dama ke cewa daga brók ta fito. Brók kuwa a tsohon harshen Norwe wando ne.

Domin 'yan Viking masu wando ne. Guntattakin tufafin da aka tono a Hedeby, tsohuwar kasuwarsu da ke arewacin Jamus ta yau, kusa da iyakar Danmak, da zane-zanen da suka bari a kan duwatsu a tsibirin Gotland, duk suna nuna namiji da taguwa, da wando, da mayafi da ake maƙalewa a kafaɗa. Marubutan Musulmi da suka ga 'yan uwansu na gabas, waɗanda ake kira Rus, sun bar mana shaida. Ahmad ibn Fadlan, wakilin halifan Bagadaza da ya gamu da su a bakin kogin Volga a 922, ya ce namijinsu yana yafa mayafi ya rufe gefe ɗaya na jiki ya bar hannu ɗaya a waje. Ibn Rustah kuma ya siffanta wandunansu masu cin yadi da yawa, waɗanda ake tattarewa a ɗaure a gwiwa. Ko a gabas ko a yamma, babu inda aka ga ɗan Viking da zanen ulu mai tattara ɗaure a ƙugu.

To ina labarin Mai Ƙafa a Waje? Wannan shi ne Magnus, sarkin Norwe daga 1093 zuwa 1103, wanda ya zo da jirage a 1098 ya bi tsibiran yamma yana ƙone-ƙone don tabbatar da ikonsa. Snorri Sturluson, marubucin Aisilan da ya tattara tarihin sarakunan Norwe wajen 1230, ya ce da Magnus ya koma gida, shi da mutanensa da yawa sun ɗauki irin shigar ƙasashen yamma, suna yawo a titi da gajerun riguna da mayafai, ƙafafunsu a waje, har mutane suka laƙaba masa sunan. Masu neman asalin kilt a Norwe suna son wannan labari ƙwarai, ni kuwa ina mamakin yadda suke karanta shi. Abin da Snorri ya faɗa shi ne Magnus ya je ya gani ya kwaikwaya. Mutanen Norwe baƙon abu suka gani, shi ya sa suka yi masa laƙabi. Da shigar gidansu ce, da ba wanda ya waiwaya. Ga shi kuma Snorri ya rubuta ne bayan sama da shekara ɗari da mutuwar sarkin, kuma wasu majiyoyin sun ba da dalilin laƙabin daban. Ko da mun karɓi labarin yadda yake, tufar daga yamma ta tafi Norwe, ba daga Norwe ta zo ba.

Kuma abin da Magnus ya gani ba kilt ba ne. A wancan zamani mutanen Ayalan da na tsaunukan Sikotland, waɗanda harshe da al'ada ɗaya suka haɗa, suna sa doguwar taguwa ta lilin da ake kira léine, wadda masu hali suka riƙa rinawa rawaya, sannan su yafa bargon ulu a sama. Ƙafa a waje kuwa dabara ce ta mai zama cikin fadama da ruwan sama: fata tana bushewa nan da nan, wandon ulu da ya jiƙe kuwa yini zai yi yana ɗiga. Shi ya sa 'yan kudu suka riƙa yi musu ba'a da sunan masu jan ƙwauri. Akwai kuma duwatsun kaburburan mayaƙa a Iona da Argyll, inda ake ganin mutum da riga har gwiwa mai layuka a tsaye, masu yawon buɗe ido su ce ga kilt nan tun ƙarni na 14. Kama da wane ba ta wane. Rigar yaƙi ce da aka cusa wa auduga ko ulu aka ɗinke layi-layi, irin lifidi.

Kilt na gaskiya sai a ƙarshen ƙarni na 16 ya bayyana a rubuce. Bayanin da aka fi dogara da shi yana cikin tarihin rayuwar Red Hugh O'Donnell, wani basaraken Ayalan da ya yi yaƙi da Ingila, inda aka ba da labarin sojojin haya daga Hebrides da suka zo taya shi a 1594. Marubucin ya ce ana bambanta su da 'yan Ayalan ta shigarsu: mayafai masu launi-launi da suka sauka har ƙwauri, ga ɗamara an ɗaura ta a kan mayafin daga waje. Wannan ɗamara ta waje ita ce sabon abu. Bargon ya yi girma har sai an tattare shi an ɗaure a ƙugu, rabin ƙasa ya zama kamar zane, rabin sama a yafa a kafaɗa ko a lulluɓe kai idan ruwa ya sauko, da dare kuma a kwance shi a kwanta a ciki. Gwado ne da ya zama riga. Daga 1266 da Norwe ta bar Hebrides zuwa 1594, shekara 328 ke nan. Tufar da aka ce baƙi sun kawo ba ta yin ɓatan dabo na ƙarni uku sannan ta ɓullo.

Amma a nan ne, a ganina, ainihin dangantakar take, kuma ta fi ta tatsuniyar daɗi. Su wane ne waɗannan mayaƙa na 1594? Mutanen MacDonald ne da na MacLeod. Gidan MacDonald jikokin Somerled ne, wanda ya mutu a 1164, kuma sunansa daga Sumarliði ne, "matafiyin bazara", laƙabin da ake yi wa ɗan Viking mai fita hari idan ƙanƙara ta narke. MacLeod kuwa 'ya'yan Leod ne, daga sunan Norwe Ljótr. Haka MacAulay na Lewis daga Olaf, MacIver daga Ivar, MacSween daga Sveinn. Baƙin sun auri 'yan ƙasa, jikokinsu suka bar harshen kakanni suka koma Gelik, aka samu wata al'umma ruwa biyu da ake kira Gall-Ghàidheil, Gelawa baƙi, wato baƙi masu magana da Gelik. Sun riƙe jirgin ruwan kakanninsu da 'yan gyare-gyare, suna kiransa birlinn. Sun riƙe doguwar gatarin yaƙi. Sun riƙe sana'ar sayar da ƙarfinsu ga duk sarkin da zai biya, tun daga ƙarni na 13 suke tsallakawa Ayalan don haka. Masarautarsu ta tsibirai ta yi ƙarfi har sai da sarkin Sikotland ya ƙwace sarautar a 1493. Saboda haka mutanen da aka fara gani da babban kilt, da yawansu jinin Viking na gudu a jikinsu. Tufar dai ta Gelawa ce, an haife ta a tsauni da tsibiri, daga bargon da suka gada tare da 'yan Ayalan.

Saƙar gidan darar ma, wadda ake kira tartan, ba ta taimaki masu ra'ayin Norwe ba, ba ta kuma taimaki masu cewa Sikotland ce ta ƙirƙiro ta ba. A Falkirk an tono wani ƙyalle mai gidan dara da aka toshe bakin tulun kuɗin Rumawa da shi, na ƙarni na 3, shekara ɗari biyar kafin jirgin Viking na farko ya iso. A Danmak kuma, gawar wata mata da aka tono a fadamar Huldremose a 1879, wadda ta kwana kimanin shekara dubu biyu a cikin laka, tana ɗaure da zanen ulu mai gidan dara. Duk masaƙin da ke da zare kala biyu, in ya jera su a tsaye ya kuma ratsa su a kwance, gidan dara zai fito masa. Ba sai wani ya koya wa wani ba.

Sauran tarihin kilt ba ruwan Sikandinebiya a ciki, don haka zan bi ta kansa da sauri. Ƙaramin kilt irin na yau, wanda aka yanke rabin saman, ya yaɗu a ƙarni na 18. Wata wasiƙa da aka buga a 1785 ta ce wani ɗan Ingila mai masana'antar narka ƙarfe a Invergarry, Thomas Rawlinson, shi ya fara yanke shi a shekarun 1720 don ma'aikatansa su sake, maganar da 'yan Sikotland da yawa ba sa son ji, kuma masana na gardama a kanta har yau. Bayan an murƙushe tawayen 'yan tsauni a Culloden a 1746, gwamnatin Landan ta haramta shigar: karon farko wata shida a kurkuku, karo na biyu a kai mutum ƙasashen ƙetare shekara bakwai. Sojojin sarki kaɗai aka ƙyale, kuma ta hannunsu tufar ta rayu har aka soke dokar a 1782. Shekara arba'in bayan nan, a 1822, Sarki George na Huɗu na Birtaniya ya ziyarci Edinburgh sanye da kilt, a bikin da marubuci Walter Scott ya tsara. Tufar da aka ɗaure talaka a kanta ta zama ta fada. Tsarin cewa kowane dangi da nasa tartan ma a wannan zamani ya kafu, da taimakon masaƙun Bannockburn masu neman kasuwa, da wani littafin bogi da wasu 'yan uwa biyu suka fitar a 1842 suna iƙirarin tsohon kundi ne.

Wannan ƙarni na 19 shi ne kuma ya ƙera ɗan Viking da muka sani a hoto. Hular ƙarfe mai ƙaho, alal misali, ba a taɓa tono ta a kabarin ɗan Viking ba. Masu ɗinka kayan wasan waƙe na mai tsara kiɗa Richard Wagner a Jamus a 1876 suna cikin waɗanda suka yaɗa ta. Walter Scott ɗin nan da ya yi wa sarki kwalliya da kilt, a daidai wannan lokacin ya fitar da wani littafin ƙagaggen labari da ya gina a kan Shetland da Orkney da tsoffin al'adunsu na Norwe. Jarumin tsauni da jarumin teku a tukunya ɗaya aka dafa su, don masu karatu iri ɗaya. Ba abin mamaki ba ne jikan da ya tashi a Amurka, ya aika yawunsa aka gwada aka ce masa yana da jinin Norwe da na Sikotland, ya haɗa biyun a jikinsa ranar biki. Ba na ganin laifinsa. Inda nake ja da shi kawai shi ne in ya ce haka kakansa na ƙarni na 10 ya yi shiga.

In ana neman inda tufar Sikotland da Sikandinebiya suka haɗu ido da ido, sai a duba ƙarni na 17, kuma nan ma 'yan Sikotland ne suka je. Dubbansu sun yi aikin sojan haya a rundunar Sarki Gustavus Adolphus na Suwidin, kuma ɗaya daga cikin tsoffin hotunan babban kilt zane ne da aka buga a Jamus na sojojinsa a Stettin a 1631. Kafin nan, a 1612, wata ƙaramar rundunar 'yan Sikotland da ke ratsa Norwe za ta Suwidin ta faɗa tarkon manoma a Kringen, cikin kwarin Gudbrandsdal, aka kusa ƙarar da su. Har yau akwai masu cewa rigar mata mai gidan dara ta wannan kwari daga tufafin waɗancan sojoji aka kwaikwayo ta. Wannan ma zancen baka ne, amma abin lura ne cewa a Norwe tatsuniyar juyawa ta yi: su cewa suke daga Sikotland abin ya zo musu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta taswira. Da kilt gadon Viking ne, da inda jinin Norwe ya fi kauri nan zai fi kafuwa. Wani babban binciken ƙwayoyin halitta na mutanen Birtaniya da aka fitar a 2015 ya gano kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na asalin mutanen Orkney daga Norwe yake, fiye da duk yankunan da aka gwada. A Orkney da Shetland an ci gaba da magana da Norn, ɗiyar tsohon harshen Norwe, har cikin ƙarni na 18. Tutocinsu biyu duk gicciyen Sikandinebiya ne a kwance. A 2023 majalisar Orkney har ta kaɗa ƙuri'ar duba wasu hanyoyin mulki, ciki har da waiwayar tsohuwar alaƙarta da ƙasashen arewa. To waɗannan tsibirai su ne ba su da al'adar kilt, ba su da Gelik, ba su da tsarin dangogin tsauni. Idan ɗan Shetland ya sa kilt ranar aurensa, a matsayinsa na ɗan Sikotland ta yau ya sa, kamar yadda ɗan Glasgow zai yi hayarsa a shago. Ranar da yake tuna kakanninsa kuwa ita ce Talatar ƙarshe ta watan Janairu, a bikin Up Helly Aa na garin Lerwick, wanda shi ma a ƙarshen ƙarni na 19 ya ɗauki siffarsa ta yanzu. Da duhu ya yi, mutane kusan dubu su fito da jiniyoyin wuta, jagoransu da tawagarsa cikin sulke da hular ƙarfe da gatari, su ja jirgin Viking da suka shafe watanni suna sassaƙawa har tsakiyar fili, su jefa masa wutar ya ƙone ƙurmus.